Yatsa Uku Daga Saman Takardun Habibu

Da saukar daminar bana, shekara talatin ke nan da muka kai ƙanena Habibu makwancinsa a Rogo. Na girme shi da shekara tara, ga ni nan har yau ina takawa da sanda, ina cin tuwo, ina yi wa jikoki faɗa don sun taɓa mini rediyo. Shi kuwa ko arba'in bai cika ba. Kowace shekara in lokacin ya zagayo nakan sa a dafa abinci a raba, in yi masa addu'a, in kama bakina. Bana ba zan kama ba. Akwai abin da na yi wa aikin rayuwarsa da hannuna bayan ya rasu, na ɓoye shi duk shekarun nan, na kuma bar wata baiwar Allah ta ɗauki laifin. Shi na zo faɗa, amma sai na bi ta kan aikin nasa kafin mai karatu ya gane girman ɓarnar.

Gidanmu gidan riƙon takarda ne. Mahaifinmu magatakardan dagaci ne, ni kuma na gaje shi har na zarce, na yi shekara ashirin da wani abu ina magatakarda a ofishin hakimi a Karaye. In ana maganar tsaftar aiki, ban yarda akwai na biyuna a ƙasar nan ba. Teburina kullum da rula da reza da kirtani. Takarda ba ta zama a hannuna a lanƙwashe, fayil ba ya fita da kunne a waje. Da wannan nake alfahari, da shi kuma nake auna mutane. Habibu bai taɓa cin wannan jarrabawar tawa ba, don shi mutum ne da zai yi lissafi a bayan katin gayyatar biki ya cusa a aljihu.

Ya karanta kimiyyar sinadarai, abin da ya ɓata mini rai tun farko, don ni likita na so ya zama, a ce gidanmu ma an sami mai duba marasa lafiya. A tsakiyar shekarun 1980 gwamnati ta tura shi ƙasar Turawa ƙaro karatu. Da ya zo hutu karo na farko, muna zaune a zaure da la'asar muna yagar kilishi, na tsare shi.

"Wai kai Habibu me kake yi a can ne? Mutane na tambayata, na rasa abin da zan ce musu."

"Ruwa nake lissafawa, Yaya."

"Ruwa? Mu nan famfonmu ya shekara bai ɗiga ba, kai ka haye teku kana ƙirga shi?"

Ya yi dariya, ya miƙa hannu ya karɓi carbina. Ya ce in ɗauka wannan carbin shi ne furotin, wato sinadarin da aka gina naman jikinmu da jininmu da shi, wanda kuma yake yin kusan kowane aiki a cikin jiki. Dogon zare ne mai 'ya'ya a jere, amma ba ya zama a miƙe. Ya dunƙule carbin a tafin hannunsa, ya ce haka yake naɗewa, kuma yadda ya naɗe shi ke ba shi aikinsa. In naɗin ya karkace aikin ya lalace, mutum ya kwanta ciwo. Abin ya yi ƙanƙantar da ba a iya zuba masa ido a ga motsinsa, shi ya sa suke gina shi a cikin kwamfuta, su sa ta lissafa yadda kowane ɗan carbi yake jan na kusa da shi ko yake ture shi, taki bayan taki, har a ga yadda dunƙulen yake juyawa.

Na ce to ina ruwa ya shigo. Ya ce ai nan matsalar take. A cikin jiki furotin ba ya taɓa zama a bushe, ruwa ne kewaye da shi ta ko'ina, kuma ƙwayoyin ruwan sun ninka 'ya'yansa sau da yawa. Kwamfutar wancan zamani, wadda ya ce ta cika ɗaki guda, in aka ɗora mata lissafin ruwan sai ta yi makonni kafin ta nuna motsin da bai kai ƙiftawar ido ba. Saboda haka da yawa sai su cire ruwan, su yi lissafinsu a bushe. Ya ɗaga kilishin hannunsa ya ce, "Wannan nama ne, Yaya, ba mai musawa. Amma ba haka yake a jikin saniya ba." In babu ruwa, in ji shi, sai furotin ya takure, sassan da ke jan juna su manne fiye da ƙima, kwamfuta ta ba ka siffa mai kyau wadda ƙarya ce.

Masana a lokacin sun kasu biyu. Wasu sun ce a sa kowace ƙwayar ruwa ɗaya bayan ɗaya, ko da za a shekara ana jira. Wasu sun ce a ɗauki ruwan abu guda shimfiɗaɗɗe, a ba shi lamba ɗaya da za ta rage ƙarfin jan, a huta. Habibu ya tsaya tsakani. Ya ce ruwan da ke nesa a yi masa kuɗin goro ba laifi, amma akwai 'yan ƙwayoyi kaɗan da suke shigewa lungunan naɗin su zauna, kamar baƙon da ya daɗe har ya zama ɗan gida, waɗannan dole a san su ɗaya-ɗaya. In maganarsa ta tabbata, ƙaramar kwamfuta ma za ta iya aikin da a da sai babba. Hanyar tabbatarwa ita ce ya ɗauki furotin ɗaya ya yi masa lissafi iri uku, sau da yawa: ba ruwa sam, da ruwa cikakke, da kuma nasa tsarin. Ya sa musu suna busasshe da jiƙaƙƙe da rabi.

Na karɓi carbina na ce Allah Ya ba da sa'a, da irin muryar da babba kan yi wa ƙanensa in ya ga ya ɓata wayonsa. Ya ji muryar sarai. Ya ci gaba da cin kilishinsa.

A farkon shekarun 1990 ya dawo da digirinsa na uku, ana ce masa Dakta. Ya kama koyarwa a jami'a a Kano, ya ɗauko matarsa Hajara da 'yarsu Bilkisu daga gidan iyayenta a Ruwan Bago. Babban lissafin nan mai iri uku a shekararsa ta ƙarshe a can ya yi shi, lokacin zamansa ya ƙare bai kai ga tace sakamakon ba. Ya taho da shi a faifan tef guda mai faɗin faranti, da kwali biyu na takardun da kwamfuta ta buga. Tef ɗin ba a sami na'urar da za ta karanta shi a nan ba, damina biyu ta bi ta kansa a ɗaki mai yoyo, ya yi funfuna ya tashi daga aiki. Saura takardu.

Takardun nan in ka gan su lambobi ne kawai, layi-layi daga sama har ƙasa, ba take ba suna, don shi ya tsara wa kwamfutar yadda za ta buga, ya kuma hana ta ɓata takarda. Shi da kansa yake bin kowane shafi da biro. A can sama ya rubuta Bisimilla, kamar yadda mahaifinmu ya koya mana kada mu fara rubutu ba ita. A ƙarƙashinta, da ajami, ya rubuta ko busasshe ne ko jiƙaƙƙe ko rabi, gwaji na nawa ne, ƙwayar ruwa nawa ya sa, shafi na nawa. Na taɓa tambayarsa me ya sa ajami, ya ce hannunsa ya fi sauri da shi, kuma a can ba wanda zai ɗauki takardarsa bisa kuskure.

Ya yi ta cewa in ya sami hutu zai zauna ya gama. Ɗalibai sun yi masa yawa, wuta ba ta zama, in an shiga yajin aiki kuma hankali ba ya kwanciya. Hutun da ya samu a ƙarshe na ciwo ne. Ƙodarsa ta gaza, ƙafafunsa suka kumbura, fuskarsa ta cika har idanunsa suka ƙanƙance. Da asibiti suka ce sun yi iyakar yinsu, muka dawo da shi gidanmu na Rogo Sabon Gari. Har yau raina yana ɓaci in na tuna masu zuwa dubiya da suke fita suna raɗa wai ruwan da yake bincike ne ya kama shi, wai ya taɓo mutanen ruwa. Mutum yana fama da numfashi, su abin da ya dame su ke nan. Ɗaya na kora da kaina, har ya mutu ba ma gaisawa.

A wannan halin ya sa aka kawo masa kwalayensa. Da hantsi, in jikinsa ya ɗan yi sauƙi, sai a shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya baje takardu ya danne su da duwatsu. Yana latsa 'yar na'urar lissafi mai batir, yana rubuta abin da ya samu a doguwar takardar fulsikaf, yana cusa shi tsakanin shafukan da ya kwatanta. Ni in na zo daga Karaye na ga zauren sai in ji kamar in tattara in jera masa. Wata Asabar ya kira ni.

"Yaya, abin yana fitowa. Rabi yana bin jiƙaƙƙe sau da ƙafa."

"To madalla. Ka sha maganinka?"

"Na sha. Zauna ka ji. Kai ne mai riƙon takarda a gidan nan."

Ya ba ni ambulan mai adireshin wata Baturiya da suka yi aiki ɗaki ɗaya, wadda yake kira Malama. Ya ce, "In ban kai ba, ka aika mata su duka, yadda suke. Ita ta san aikin, za ta ƙarasa ta fitar da shi da sunana. Bilkisu ta tashi ta ga ubanta ya yi wani abu."

"Ka bar irin wannan magana, za ka tashi."

"Allah Ya sa. Amma ka dai ji, yadda suke."

Na ji, ba zan ce ban ji ba. Bayan kwana goma sha ɗaya, Habibu ya cika da safe, Hajara tana riƙe da kansa.

Bayan sadakar arba'in aka taru a duba abin da ya bari, a gaban kawunmu Malam Isiyaku, limamin unguwarmu, wanda shi ne babba a lokacin. Da aka buɗe kwalayen ya ɗaga shafi ɗaya, ya ɗaga na biyu, ya ɗaga na goma. Ya tambayi inda za a kai su, na faɗa masa.

"Lawan," ya ce da ni, "sunan Allah ne a kan kowace takarda. Ka san inda za su ajiye? A ƙasa ne, kusa da takalmi ne, ko kwandon shara in sun gama? Ban hana cika wasiyya ba. A kwafe abin da ke ciki a wasu takardu a aika, waɗannan su zauna a gida."

Ina so mai karatu ya lura, Kawu bai yi laifi ba, Allah Ya jiƙansa. Shawararsa mai kyau ce. Da na bi ta, ko da na kai Kano an rufe Bisimillar an ɗauki hoton shafukan a na'ura, da yau ba na wannan rubutu. Amma shafukan sun fi dubu, ga aiki ga gajiya, ga kuma abin da ya fi su duka, wato wayon magatakarda. Na ce wa Kawu ya bar mini, akwai hanya mai sauƙi.

Ranar Lahadi, ba kowa a ofis, na ɗaure kwalayen a bayan babur na kai Karaye. Na ɗauko rula da sabuwar reza. Bisimillar Habibu faɗin yatsa biyu take ci daga saman takarda. Na ce kada wutsiyar wani harafi ta tsira, bari in ba da yatsa uku. Ina haɗa shafi ashirin-ashirin, in danne da rula, in ja reza. Na ga layin ajamin nan yana tafiya tare da Bisimillar, na kuma karanta shi, don ajami ba baƙona ba ne. Jiƙaƙƙe, gwaji na huɗu, shafi na tara. Na gaya wa kaina ai masu ilimi in sun ga lamba sun san ta, yadda nake gane hannun kowane dagaci ko bai sa suna ba. Wannan ita ce hujjar da na ba kaina a ranar. Gaskiyar kuwa, ban taɓa ɗaukar aikin nan da muhimmancin da zan yi zaton layi ɗaya zai iya kashe shi ba. Da takardar gona ce, wallahi ko kusurwarta ba zan taɓa ba.

Ban tsaya nan ba. Na ga takardun kwamfuta masu faɗi ne, fulsikaf ɗin da ya cusa a tsakaninsu sirara, kunnuwa sun fito ta ko'ina. Idona bai iya ɗauka ba. Na zare fulsikaf na tara su gefe guda, masu faɗin na buga su a tebur suka daidaita, waɗanda suka zube a ƙasa na tsince na mayar inda hannuna ya kai, na ɗaure kowane kashi da kirtani. Na ja da baya na dube su, na ji daɗi. Yankakkun kuma na ƙone su a bayan ofis, na haƙa rami a gindin tsamiya na binne tokar, kamar yadda ake yi wa takarda mai sunan Allah. Washegari na kai gidan waya. Kawu ya sa mini albarka.

Wasiƙar Malama ta zo bayan wata takwas. Ta yi mana ta'aziyya, ta ce ba ta taɓa aiki da mai haƙuri da lamba irin Habibu ba. Ta ce ta yi wata shida tana ƙoƙarin mayar da shafukan mazauninsu. Busassun ta iya ware mafi yawansu, don sun fita daban. Amma jiƙaƙƙe da rabi sun yi kama da juna ƙwarai, kuma abin da Habibu yake fata ke nan, don in tsarinsa daidai ne dole su yi kama. Sai dai ba ta da yadda za ta nuna wa kowa cewa wannan shafin na rabi ne wancan na jiƙaƙƙe, ba gwaji iri ɗaya aka maimaita ba. Tsohuwar kwamfutar tasu an riga an kwashe ta, abin da ke cikinta an goge. Ta ce ta lura an yanke saman kowane shafi, ta kuma tuna Habibu yakan yi rubutu a wurin da haruffanmu. Ta roƙe ni, in yankakkun suna nan, in aika mata ko a cakuɗe suke, za ta nemi mai karanta mata, ta haɗa kowanne da shafinsa ta bakin yankan.

A tsaye na karanta ta. Ban taɓa jin kunya da tsoro irin na ranar ba. Na buɗe sabon fayil, na sa wasiƙar, na kulle a durowa. Ban amsa mata ba. Ta sake rubuto wata gajeriya, ita ma na haɗa ta da 'yar'uwarta.

Da na je Rogo, Hajara ta durƙusa ta ajiye mini ruwa ta ce, "Yaya, Baturiyar nan ta amsa kuwa?" Na ce, "Shiru har yanzu." Iyakar ƙaryar da na yi da bakina ke nan, sauran mutane ne suka ɗora. Kafin shekara ta zagayo magana ta zama ɗaya daga Rogo har Falgore, wai Turawa sun cinye aikin Dakta sun sa sunansu. Maganar ta yi wa kowa daɗin faɗa, don ta ɗaga Habibu, ta kuma ba mu wanda za mu tsana. In an yi ta a gabana sai in girgiza kai in ce Allah Ya kyauta.

Bilkisu tana shekara shida ubanta ya rasu, a cikin wannan maganar ta girma, a hannuna kuma ta yi karatu. Da ta ce sinadarai za ta karanta na tambaye ta dalili, ta ce so take ta gane abin da aka sace musu. Yau ita ke koyar da fannin a wata kwaleji a Kano. Hajara ta rasu shekara huɗu da suka wuce, har a ciwon ajalinta tana cewa ba ta yafe wa matar nan ba. Ina zaune a bakin ƙofa na ji ta.

Nakan zauna in ce da Habibu zai leƙo yau, me zai ce? Na san da tsiya zai fara, ya ga madatsar ruwa shimfiɗe a gefen Karaye, ya ga mata har yanzu suna tare 'yan ga-ruwa a ƙofar gida. Zai ga wayar da ke aljihun kowane mai rake a bakin titin Rogo, a ce masa ta fi kwamfutar da ya yi wa layi ƙarfi, ya tambaya me ake lissafawa da ita, a ce masa hotuna ake kallo. Ba na jin zai yi fushi, shi ba ni ba ne. Dariya zai yi, ya ce a ara masa ɗaya na mako guda.

Da ƙaramar sallar bana Bilkisu ta zo da kwamfutarta ta hannu, ta buɗe mini a zaure. Na ga wani abu kamar dunƙulen zare yana motsi a cikin akwati cike da ɗige-ɗige. Ta ce furotin ne a cikin ruwa, kowace ƙwaya an sa ta, dubbai, kuma abin da ubanta ya yi watanni yana jira yanzu ɗalibi kan gama shi kafin ya ci abincin rana. Ta ce amma har yau ba a daina jayayya kan yadda ya kamata a lissafa ruwan ba, kuma masu haɗa magunguna sun damu ƙwarai da 'yan ƙwayoyin nan da ke zaune a lungu, don wani lokaci su ke sa magani ya kama ko ya ƙi. Sai ta nuna allon da yatsa, muryarta ta canza. "Ka gani, Baffa? Maganar Baba ce. Sun ɗauka, ko sunansa ba su ambata ba."

Daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi. Ba wanda ya ɗauki komai. Mutane da yawa ne suke tunanin abu ɗaya a lokaci ɗaya, suka kai can da ƙafarsu ba tare da Habibu ba. Duniya ba ta rasa komai ba saboda rezata. Habibu ne ya yi asara, da 'yarsa, da matar da ta ba da wata shida na rayuwarta ta sami tsinuwa.

Bilkisu takan zo duba ni duk ƙarshen wata. Zuwanta na gaba, bayan mun gaisa ta ajiye mini tsarabar da ta saba, na miƙa mata fayil ɗin. Ta karanta wasiƙar farko sau biyu, ta karanta ta biyun. Sannan na faɗa mata komai, rula da reza da kirtani da ramin tsamiya. Ba ta katse ni ba.

"Baffa, ka karanta abin da ke rubuce a wurin kafin ka yanke?"

"Na karanta."

"Baba ya ce maka a aika yadda suke?"

"Ya ce, har sau biyu."

"Ko amsa ba ka ba ta ba?"

"Ban ba ta ba."

Ta ɗauko wayarta ta rubuta sunan da ke ƙasan wasiƙar, ta daɗe tana dubawa. Ta ce matar ta mutu, an yi shekaru. Sai a lokacin ta yi kuka, ba da ƙarfi ba. Ta ce, "Tun ina firamare nake tsine wa matar nan. Umma ta tafi da ita a ranta. Kai kuma kana zaune kana jin mu." Na ce ta yafe mini. Ta ce ba ita kaɗai ke da haƙƙin ba, sauran ukun kuma duk suna ƙasa. Ta ce ƙaryar a bainar jama'a ta yi yawo, saboda haka gaskiyar ma a bainar jama'a za a faɗe ta, in rubuta a jarida. Ta sa fayil ɗin a jakarta, ta durƙusa ta yi mini sallama yadda ta saba, ta tafi.

To ga shi na rubuta. Mutanen Rogo da Karaye da suka ji waccan magana su ji wannan: ba wanda ya saci aikin Dakta Habibu, wansa ne ya yanka shi.

In na auna abin da ya saura na ƙanena, ba shi da yawa, ba kuma zan ƙara masa gishiri don ranar tunawa ce ba. Sunansa ba ya cikin littafin kowa. Ko ya yi daidai ko bai yi ba, ba mai iya tabbatarwa, sai maganar mara lafiya a kan tabarma da shaidar matar da ta mutu. Akwai tsofaffin ɗalibansa, wasu har da furfura, da suke tare ni a wurin jana'iza ko ɗaurin aure su ce shi ya koya musu kada su yarda da amsa don kawai ta yi kyau a ido. Akwai haƙurin da ya yi da ni, wanda ban gane haƙuri ba ne sai da na tsufa. Akwai kuma Bilkisu, mai goshinsa da irin tambayarsa, wadda ta shiga fanninsa saboda ƙaryar da na bar mata, ta kuma iya shi da gaske. Allah Ya jiƙan Habibu da Hajara, Ya haskaka makwancinsu. Malama kuwa abin da zan iya cewa a kanta shi ne ta fi ni riƙon amana.

Ƙarshen wata biyu ya wuce Bilkisu ba ta zo ba. Mijinta ya kira ya ce lafiyarta ƙalau, aiki ne ya yi yawa, na ce na gode. Ban aika a kira ta ba, ba ni da wannan bakin. Ita kaɗai ta rage a duniya da za ta iya cewa ta yafe, ni kuma shekaruna saba'in da takwas.